Turanci da iya magana: Sharuɗɗan samun digiri a jami'o'in Amurka

A galibin jami'o'in Amurka, ɗalibi ba ya samun digirin farko sai ya ci darasin rubutun Turanci, ko da kuwa injiniya ko lissafi ya je karantawa, kuma ko da Turanci ne harshen da ya tashi da shi.

Digirin farko dai kan ɗauki shekaru huɗu, inda ake buƙatar ɗalibi ya tara maki kusan 120. Darasi guda kan ba da maki 3, wato kimanin sa'o'i uku a aji kowane mako, a zangon karatu na kusan makonni 15. Rubutun Turanci kan ci darasi ɗaya ko biyu a shekarar farko, kuma jami'o'i da dama ba sa karɓar sakamakon da ya gaza matakin C.

Ba nahawu kaɗai ake koyarwa ba. Abin da aka fi mayar da hankali a kai shi ne yadda ɗalibi zai kafa hujja, ya ambaci inda ya samo bayanansa, sannan ya sake gyara rubutunsa bayan malami ya duba. A nan ne ɗalibai da yawa kan fara sanin cewa kwafar aikin wani ba tare da ambatonsa ba na iya kai mutum ga kora.

Asalin tsarin

Jami'ar Harvard ce ake dangantawa da wannan al'ada. A 1874 ta fara gwada masu neman shiga da rubutun Turanci, kuma abin da malamai suka gani bai yi musu daɗi ba. A 1885 aka mayar da darasin rubutu wajibi a shekarar farko, sauran jami'o'i kuma suka bi sahu.

Darasin magana a gaban jama'a kuwa ya daɗe a ƙarƙashin sassan Turanci, har zuwa 1914, lokacin da malamai 17 suka ɓalle a birnin Chicago suka kafa tasu ƙungiyar. Wannan darasi bai samu gindin zama kamar na rubutu ba: wasu jami'o'in sun wajabta shi, wasu sun bar wa ɗalibi zaɓi. Inda ake yinsa, ɗalibi kan gabatar da jawabai na 'yan mintoci, na bayani da na jawo ra'ayi, a ba shi maki nan take.

Baƙin ɗalibai

Ɗalibi daga ƙasar waje kan fara ne da jarrabawa irin su TOEFL, wadda aka soma a 1964. Sai dai cin ta ba ya ɗauke masa darasin rubutu, kuma wanda aka ga yana da rauni akan sa shi ajin share fage, wanda sau da yawa ana biyan kuɗinsa amma ba a lissafa makinsa cikin 120 ɗin.

Tsarin ba baƙo ba ne a Najeriya. Jami'ar Nsukka, wadda aka buɗe a 1960 da taimakon Jami'ar Jihar Michigan, ita ce ta fara kawo darussan bai-ɗaya da suka haɗa da amfani da Turanci, waɗanda a yau ɗaliban jami'o'in ƙasar ke ɗauka a shekarar farko.