Daga Teburin Hafsoshi Zuwa Teburin Samari: Yadda Dokokin Wasan Yaƙin Jarumai Suka Samo Asali

Kaduna garin soja ne tun fil azal. Bariki Gwamna Lugga ya fara kafawa a gefen kogi kafin a dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917, kuma a nan aka buɗe makarantar horar da hafsoshi ta NDA a 1964. A irin waɗannan makarantu akan tara yashi a kan teburi, a fitar da siffar tudu da kwari da rafi, a jera alamomin runduna, malami ya tambayi ɗalibi ta ina zai kai hari. Wannan teburi shi ne kakan wasan da samarin Kawo da Malali da Unguwar Rimi ke gani a waya, inda mutum biyu ke jera 'yan mutum-mutumin Spider-Man ko Batman su gwabza da ƙwayar lido da ma'auni. Abin da ke raba kan masu wasan shi ne dokar da za a bi, kuma gardamar ta girmi jaruman nesa ba kusa ba.

A 1824 wani hafsa mai suna Georg von Reisswitz, ɗan daular Furushiya wadda wani yankinta ke cikin Jamus ta yau, ya wallafa dokokin wasan Kriegsspiel, bayan ya gyara wanda mahaifinsa ya ƙirƙira. Ana shimfiɗa taswirar gaske, runduna ɗaya ja, ɗaya shuɗiya, ga alƙali a tsakiya. Kowane ɓangare ya rubuta umarninsa ya miƙa masa, shi kuma ya duba jadawali, ya jefa ƙwaya, ya faɗi wanda ya faɗi da wanda ya tsira. Da Furushiya ta murƙushe Faransa a yaƙin 1870 zuwa 1871, sai sauran ƙasashe suka yi rububin koyon wasan.

Amma dokokin sun yi ta ƙaruwa har suka gundiri hafsoshi, lissafi ya cinye lokacin tunani. A 1876 Julius von Verdy du Vernois ya kawo shawarar a ajiye jadawalin, a bar gogaggen alƙali ya yanke hukunci da saninsa. Daga nan hanya ta rabu biyu. Doka mai yawa tana hana son kai, sai dai tana da nauyi. Doka kaɗan tana da sauri, amma ta rataya ne a wuyan alƙali, in ya karkata wasa ya lalace. Duk wanda ya zauna zaɓen doka a yau, tsakanin waɗannan biyun yake kai-komo, ko ya san tarihin ko bai sani ba.

Marubucin Ingila H. G. Wells ne ya fitar da wasan daga bariki ya kai shi ɗakin zama, da littafinsa Little Wars na 1913. Nasa mai sauƙi ne: sojojin dalma da 'yar igwar wasa mai harba tsinke, wanda aka kayar ya fita.

Matsalar jarumi ta taso ne a 1971, lokacin da Gary Gygax da Jeff Perren suka fitar da Chainmail a Amurka. Wasan yaƙin takobi da sulke ne, amma a ƙarshen littafin suka ƙara babi na dodanni da matsafa da sadaukai. Sadauki ɗaya suka ƙiyasta shi da mayaƙa huɗu, babban sadauki kuma ninkin haka. A ganina wannan ɗan lissafi shi ne ginshiƙin komai. Soja da soja ana iya auna su, to yaya za a auna wanda ke tashi sama da wanda ke ɗaga mota, har wasa ya yi daɗi ga kowa? Amsar da ta zauna ita ce farashi: kowane jarumi da makinsa, kowane ɗan wasa da adadin makin da ba zai wuce ba. In ka ɗauki gagarabadau ɗaya, abokin karawarka ya fito da ƙanana huɗu su yi maka taron dangi.

A kan wannan aka gina HeroClix, wanda kamfanin WizKids ya fitar a 2002. Jarumansa da fentinsu suke zuwa, a gindin kowanne akwai faifai mai lambobi, in an ji masa ciwo sai a murɗa, ƙarfinsa ya sauya, kuma a kan taswira mai gida-gida ake tafiya. A 2019 Atomic Mass Games ya kawo Marvel: Crisis Protocol, inda kai za ka harhaɗa jaruman ka yi musu fenti, a buga a fili mai ƙafa uku-uku, kuma ba kisa kaɗai ke ba da nasara ba, har da riƙe wurare da ƙwato kaya. Na farko ya fi saurin farawa, na biyu ya fi neman haƙuri da aikin hannu.

Kayan nan da dala ake sayensu, kuma ba a kan tebur a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi za ka tsince su ba. Wannan bai dame ni ba, domin doka ce wasan, ba robar ba. Dattawan da ke dara a gindin bishiya gurbi talatin suke haƙawa a ƙasa, wannan da tsinke goma sha biyu, wancan da tsakuwa goma sha biyu, kuma in baƙo ya zauna sai an daidaita da shi a kan abin da ake kira ci kafin a dasa ɗa na farko. Jarumai ma ba mu rasa ba. Muhammadu Bello Kagara ya ba mu Ganɗoki, Ahmadu Ingawa ya ba mu Iliya Ɗan Maiƙarfi, ga Sarauniya Amina ta Zazzau, ga Bayajida.

Saboda haka, samari, ku nemi marafan kwalba da kwali da ƙwayar lido, ku rubuta sunan kowane jarumi da makinsa. Dokar kada ta wuce shafi ɗaya a karon farko, ku naɗa alƙalin da kowa ya yarda da shi, kuma kada kuɗi ya shiga tsakani, don kada wasa ya koma caca.