Bharatanatyam

Bharatanatyam rawa ce ta gargajiya daga jihar Tamil Nadu da ke kudancin Indiya. Ta taso ne a wuraren bautar mabiya addinin Hindu, kuma ƙa'idojinta suna da tushe a tsohon littafin Natya Shastra. Mai rawar kan ba da labari da alamun yatsu, waɗanda ake kira mudra, da juya ido da buga ƙafa.

A zamanin mulkin Turawan Ingila rawar ta sha tsangwama, har Rukmini Devi Arundale ta kafa makarantar Kalakshetra a Madras a 1936, ta dawo mata da martabarta. A 1949 mai rawa Mrinalini Sarabhai da mijinta Vikram Sarabhai, masanin da ya assasa binciken sararin samaniya a Indiya, suka kafa makarantar Darpana a Ahmedabad. Darpana ta riƙa faɗakar da jama'a kan muhalli da haƙƙin mata ta hanyar rawa.

Rawar Indiya ta shahara har a ƙasashen waje. A 2004 gwamnatin Indiya ta ba cibiyar binciken kimiyya ta CERN, kusa da Janeba, kyautar mutum-mutumin Nataraja, abin bautar mabiya addinin Hindu da ake siffantawa yana rawa. Hausawa kuwa sun san rawar Indiya ta finafinan da sinimomin Kano suka riƙa nunawa tun shekarun 1950.