'Wreak havoc' ko 'wreck havoc'? Yadda ake bayyana ɓarna da Turanci

Duk lokacin da damina ta zo da ambaliya, ko gobara ta tashi a kasuwa, akan ga jimlar "wreak havoc" ta cika kanun labarai da rahotannin hukumomi. Ana kuma yawan cin karo da 'yar'uwarta "wreck havoc", wadda kuskure ce, duk da cewa ta zama ruwan dare har a takardun ofis. Harafi ɗaya ne ya raba kalmomin biyu, amma kowace da aikinta a nahawu, kuma ma'aikacin da ke rubuta rahoton ɓarna ko ɗan kasuwar da ke neman diyya daga kamfanin inshora ba zai so takardarsa ta fara da tuntuɓe ba.

Bambancin yana wurin karɓau, wato sunan da ke biyo bayan aikatau. Kalmar "wreak" na nufin haddasawa ko saukar da wani mugun abu, don haka abin da ke bin ta shi ne masifar kanta: ɓarna, halaka ko ramuwar gayya. Ita kuwa "wreck" na nufin lalatawa ko ragargazawa, saboda haka abin da ke bin ta shi ne wanda aka lalata: gida, mota, jirgin ruwa, har ma aure ko suna. Hausa ma haka take. Ana cewa ambaliya ta tafka ɓarna, ana kuma cewa ta lalata gidaje, amma ba wanda zai ce ta lalata ɓarna. To, wannan maganar da ba ta da kai ita ce ainihin abin da "wreck havoc" ke faɗa.

Misali, game da ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau a watan Satumban 2024, ana iya rubuta "The flood wreaked havoc on Maiduguri", ko kuma "The flood wrecked homes and shops in Maiduguri". Duka biyun daidai ne. Ta farko tana ba da girman abin a dunƙule, ta biyu tana faɗin abin da ya salwanta, kuma ga mai neman diyya ta biyun ta fi amfani, domin jami'in inshora rumfuna da kaya yake ƙirgawa.

Furuci ne tushen ruɗanin. A duka kalmomin ba a furta harafin farko. "Wreak" tana da dogon wasali, riik, kamar a "speak" da "week", ita kuwa "wreck" gajere ne, rek, kamar a "neck". Sai dai rubutun Turanci ba shi da alƙibla ɗaya: haruffan nan biyu na tsakiya suna da wani sauti daban a "bread", wani kuma daban a "break". Wanda ya san kalmar a takarda kaɗai, bai taɓa jin an furta ta ba, yana iya karanta ta da gajeren wasali, daga nan kuma sai hannu ya bi baki. Akwai kuma kalma ta uku, "reek", mai furuci ɗaya da "wreak", wadda ke nufin yin wari ko ɗoyi. Manhajar gyaran rubutu ta kwamfuta ba lallai ta kama ta ba, tun da ita ma kalma ce ta gaskiya.

Asalin "wreak" daga tsohon Ingilishi ne, inda "wrecan" ke nufin kora, hukuntawa ko ɗaukar fansa, kuma dangi ce ga kalmar Jamusanci ta ramuwa, "rächen". Shi ya sa har yau ake cewa "wreak vengeance". "Wreck" kuwa ta fara ne a matsayin suna, na tarkacen jirgi da kayan da teku ke jefowa gaɓa. Tarihin "havoc" ya fi duka jan hankali: ta fito daga tsohon Faransanci, kuma kira ne da ake yi wa mayaƙa don ba su izinin wasoso da kwasar ganima. A dokokin yaƙin da Sarki Richard na Biyu na Ingila ya kafa wa rundunarsa a 1385, hukuncin wanda ya fara yin wannan kira shi ne fille kai. Abin lura ne cewa kalmar da a da take iya jawo wa mutum rasa kansa, yau ana amfani da ita ko don cunkoson motoci.

Shuɗaɗɗen lokacin "wreak" shi ne "wreaked". A nan ma akwai wata gardama, domin ana yawan ganin "wrought havoc". Wannan ba kuskure ba ne, amma ba daga "wreak" ta fito ba. "Wrought" tsohuwar sigar shuɗaɗɗen lokaci ce ta "work", ita ce a cikin "wrought iron", ƙarfen da maƙeri ya sarrafa da guduma, kuma ƙamusun Oxford ya yi wannan bayanin. Tana da ƙamshin tsohon adabi. Ta dace da sharhin jarida ko jawabi, amma a wasiƙar ofis "wreaked" ta fi sauƙi kuma ba ta jawo tambaya.

Sai ƙaramar kalmar da ke haɗa ɓarnar da wanda ta faɗa wa. An fi amfani da "on", kamar a "wreak havoc on farmlands", ko "in" idan wuri ake nufi. Wata jimlar mai kama da ita, "play havoc", tana tafiya ne da "with", kuma ta fi dacewa da dagula tsari fiye da rushe gini: hauhawar farashin dala na iya yin "play havoc with prices". Wanda kuma bai da tabbas yana iya cewa "cause havoc", wadda ba ta da wata matsala a rubutu ko a furuci.

Ba a haɗa "wreak" da alheri. Ba a cewa gwamnati ta yi "wreak development", kamar yadda Bahaushe ba ya cewa an tafka zaman lafiya. Haka kuma "havoc" ba ta da jam'i kuma ba ta ɗaukar "a" a gabanta, don haka "havocs" da "a havoc", waɗanda akan tsinta a wasu rahotanni, suna bukatar gyara kafin takarda ta bar tebur.