Batirin tangaran da iskar haidirojin: Yadda suke aiki, masu biyan kuɗin bincikensu, da rabon Zariya

A ƙarshen watan Oktoba na 2024, yawancin jihohin Arewa sun kwashe kwanaki cikin duhu bayan manyan layukan da ke kawo musu wuta sun lalace. A cikin birnin Zariya, daga Ƙofar Doka zuwa Babban Dodo, tela da mai niƙa da mai sayar da ƙanƙara duk sun koma ga janareta, a daidai lokacin da litar fetur ta haura naira dubu. Janaretan nan kuwa ɗan kaɗan ne daga ƙarfin man da ya sha yake mayarwa lantarki. Saura zafi ne da hayaƙi da ƙara. Akwai wata na'ura da manyan ƙasashe suka daɗe suna zuba dukiya a kanta domin rage wannan asara. Injiniyoyi na kiranta SOFC, mu kuma a nan za mu kira ta batirin tangaran, domin zuciyarta tangaran ce.

Yadda yake aiki

Batirin mota cika shi ake yi, ya ƙare, a sake cikawa. Shi wannan ba ya ajiye wuta, ƙera ta yake yi muddin ana ba shi abinci. Faranti ne siriri na tangaran da aka yi da sinadarin zirkoniya, aka ɗan gauraya shi da itiriya. Ta gefe guda ana tura masa iskar da muke shaƙa, ta ɗaya gefen kuma haidirojin ko iskar gas. Idan farantin ya yi zafi, tsakanin digiri 600 zuwa 1,000 a ma'aunin salshiyos, sai oksijin ya riƙa ratsa shi yana haɗuwa da haidirojin, su zama tururin ruwa. Ƙwayoyin lantarkin da suka kuɓuce a wannan haɗuwa su ake bi da su ta waya su kunna fitila. Babu harshen wuta, babu fistin da ke kai-komo. Faranti ɗaya bai kai bolt ɗaya ba, shi ya sa ake jera su da yawa kamar faifai a kan faifai.

Irin wannan batir yana iya mayar da kusan kashi 60 cikin 100 na ƙarfin gas zuwa lantarki, idan kuma aka yi amfani da zafin da yake fitarwa, ribar ta wuce kashi 80. Wani abin sha'awa shi ne ana iya juya aikinsa: a ba shi lantarki da tururi, sai ya tsaga ruwan ya fitar da haidirojin. Wannan ne dalilin da ya sa kasafin binciken abubuwan biyu yake tafiya tare.

Tunanin ba sabo ba ne. Tun 1839 William Grove na Birtaniya ya nuna cewa haidirojin da oksijin na iya ba da lantarki, a ƙarshen ƙarni na 19 kuma Bajamushe Walther Nernst ya gano halin zirkoniya idan ta yi zafi. A 1937 aka gwada batirin tangaran na farko a ƙasar Suwizalan. Abin da ya hana shi shiga kasuwa tsawon shekaru shi ne tsada da rashin ƙarko, domin tangaran da ƙarfen da ke riƙe da shi ba sa buɗewa daidai da juna idan sun ji zafi, sai ya tsage.

Masu biya

Kamfani ba ya son zuba jari a abin da sai bayan shekara ashirin zai kawo riba, don haka gwamnatoci ne suka ɗauki nauyin. A 1999 Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta kafa shirin SECA, inda ta haɗa kamfanoni da jami'o'i da ɗakunan bincike na gwamnati a kan manufa guda, wato rage farashin batirin da tsawaita ransa zuwa sa'o'i 40,000. A 2021 ƙasar ta sanar da burin sauko da farashin haidirojin mai tsabta zuwa dala ɗaya kan kowane kilo cikin shekara goma, dokar ayyukan more rayuwa ta wannan shekarar kuma ta ware masa dala biliyan 9.5. Jamus ta fitar da tsarinta na haidirojin a watan Yuni na 2020 da yuro biliyan 9, wanda biliyan 2 daga ciki na hulɗa da ƙasashen waje ne. Japan ta bi ta wata hanyar: a 2009 ta fara tallafa wa magidanta su sayi ƙaramin batir na gida mai suna Ene-Farm, nau'in tangaran ya shigo kasuwa a 2011, gwamnati ta ci gaba da rage tallafin sannu a hankali yayin da farashi ke sauka.

Kuɗin Jamus ya taɓo yankinmu. Ƙasar ta buɗe ofishin haidirojin a Abuja, ta ɗauki nauyin taswirar wuraren da suka dace da samar da shi a Afirka ta Yamma, sannan ta hannun cibiyar WASCAL ta kafa karatun digiri na biyu a fannin, wanda Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai na cikin masu koyar da shi. Taimako ne mai amfani, amma kada a manta Jamus mai neman saye ce, kuma tambayoyin da take biya a amsa nata ne: a ina za a samar, nawa zai ci kafin ya isa tashar jirgin ruwa.

Nijeriya da Zariya

Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawari a taron sauyin yanayi na Glasgow a 2021 cewa Nijeriya za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa nan da 2060, aka kuma ƙaddamar da Shirin Sauya Makamashi a watan Agusta na 2022, wanda ya ambaci haidirojin cikin makamashin gaba. Sai dai mai bincike a jami'a ba daga wannan takarda yake samun kuɗi ba. Ƙofofinsa sanannu ne: asusun TETFund, wanda harajin da ake karɓa daga ribar kamfanoni ya rayar da shi, da asusun PTDF da aka kafa a 1973 domin fasahar man fetur, sai kasafin cibiyoyin da ke ƙarƙashin ma'aikatar kimiyya da fasaha. A kowace ƙofa, mai batirin tangaran layi ɗaya yake bi da mai binciken irin masara da mai nazarin zazzaɓin cizon sauro. Tarayyar Afirka ta nemi kowace ƙasa ta kashe kashi ɗaya cikin 100 na arzikinta a kan bincike, Nijeriya ba ta ko kusanci haka ba.

Abin takaicin shi ne, in dai kayan aiki da masana ake magana, samun garin da ya tara su wuri ɗaya kamar Zariya sai an tona. Daga ganuwa zuwa Samaru tafiyar ƙasa da sa'a ɗaya ce, a can Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, take da sashen injiniyan sinadarai da na ƙarafa da na fasahar gilas da tangaran. Cibiyar CERT tana da ƙaramin injin nukiliya na bincike, wanda ya fara aiki a 2004 da ƙarfin kilowat 30, babban aikinsa kuwa shi ne tantance sinadaran da ke cikin dutse ko ƙasa ko ƙarfe. A Basawa akwai NARICT, cibiyar binciken fasahar sinadarai ta ƙasa. Ɗanyen kayan ma ba nisa: a cikin tarkacen haƙar kuza na tsaunukan Jos akwai yashin zirkon, wanda daga shi ake tace zirkoniya, da ma'adinan da ke ɗauke da itiriyom. Tace su har su kai tsarkin da batir ke buƙata shi ne aikin, kuma aiki ne da ya dace da waɗannan cibiyoyi.

Ga inda gizo ke saƙar. Gasa farantin na buƙatar tanderun lantarki da zai kai kimanin digiri 1,400 ya tsaya a nan sa'o'i. Gwajin ƙarko kuma yana nufin a riƙe batirin da zafi dare da rana tsawon dubban sa'o'i. Sa'o'i 40,000 ɗin da Amurka ta sa a gaba sun fi shekara huɗu da rabi. Idan aka ɗauke wuta a tsakiya, batirin ya huce farat ɗaya, yana iya tsagewa, aikin watanni ya tafi. Tallafin shekara biyu da ba ya biyan kuɗin wuta mai ɗorewa, ba ya riƙe ƙwararren ma'aikacin ɗakin gwaji, zai iya haifar da kundin digiri na uku, amma da wuya ya haifar da na'ura.

Sai batun abin da za a ciyar da batirin. Samar da kilo ɗaya na haidirojin ta hanyar tsaga ruwa yana cin aƙalla lita tara na tataccen ruwa da lantarki kusan kilowat-awa 50. A garin da har yau unguwanni da yawa na cikin ganuwa suke dogara da rijiya da 'yan garuwa, kuma wutar kanta ita ce abin nema, wannan hanya tana da nisa. Wadda ta fi kusa ita ce gas, tunda batirin tangaran na iya cin sa kai-tsaye, saɓanin wasu nau'o'in da sai tsantsar haidirojin. Bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614 da aka ƙaddamar da aikinsa a watan Yuni na 2020, ta wannan shiyya aka shata masa hanya. Haka nan iskar da ake samu daga ruɓaɓɓen kashin shanu da sharar mahauta tana iya aiki, in an tace kibiritun da ke cikinta, domin kibiritu guba ne ga nikel ɗin da ke jikin farantin.

Ba kowa ya sani ba cewa Nijeriya ta daɗe tana samar da haidirojin mai yawa. Masana'antun taki na Indorama a Eleme da Notore a Onne da na Ɗangote a Legas duk daga gas suke fitar da shi su haɗa amoniya, daga nan a yi takin yuriya. Buhun da manomin masara na Soba ko Giwa ke saye a farkon damina da wannan iska aka yi shi, kuma daga kudu ake ɗauko masa shi a tirela.