Karofi da Masana'anta: Tarihin Rangwamen Haraji a Ƙasar Ƙaraye da Rogo

Tun kafin samun mulkin kai gwamnatocin Nijeriya suka ɗauki wata al'ada wadda har yau ba su sake ta ba, watau yafe wa kamfani haraji na wasu shekaru domin ya zo ya kafa masana'anta. Hujjarsu ita ce, abin da baitulmali ya rasa yau zai dawo gobe ta hanyar aikin yi da yalwar arziki. Ana iya auna wannan hujja da lissafi, ana kuma iya auna ta da tarihi. Ƙasar Ƙaraye da Rogo, a yammacin Jihar Kano, ta dace da awo na biyun, domin ta taɓa zama cibiyar sana'a a zamanin da ake karɓar haraji a kan sana'ar, sa'an nan ta zauna ba masana'anta a zamanin da ake ta yafe shi.

A ƙarni na 19 wannan yanki yana cikin jerin garuruwan saƙa da rini da suka taso daga kudancin Kano har arewacin Zazzau. Ƙaraye da Rogo da Zarewa da Beli da Fulatan duk an san su da marina, kamar yadda aka san Kura da Dal, da Maƙarfi da Kudan a ɓangaren Zazzau. Ƙasar tana ba da auduga, tana ba da baba, ga kuma fadamu da rafuka masu riƙe ruwa har rani. Mata su yi kaɗi, masaƙa su saƙa, marina su turar, mabuga su buga da shuni har tufa ta yi ƙyalli, fatake su ɗauka. Heinrich Barth, Bajamushen da ya sauka Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da ƙasar Kano ke fitarwa a shekara ba su gaza na wuri miliyan 300 ba, ana kai su har Tambutu da Fezzan.

Abin lura a nan shi ne, rini bai tsira daga haraji ba. Barth ɗin nan ya rubuta cewa ana karɓar wuri 700 a kan kowace rijiyar rini, shi ne kuɗin karofi, ban da kuɗin ƙasa wuri 2,500 da ke kan kowane magidanci, ban da kuɗin rafi a kan kayan lambu. Amma marina ba su guje ba, ƙaruwa ma suka yi ta yi. Dalili kuwa a fili yake. Kuɗin karofi sananne ne, marini ya san abin da zai biya tun kafin ya haƙa rami ya shafe shi da katsi, kuma kaɗan ne in an gwada da abin da rijiya guda ke kawowa a shekara.

To, me ya jawo baƙi? Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya bayyana manufar a cikin Usulus Siyasa, littafin da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje. Ya hori shugaba da ya kula da masu sana'a, manoma da maƙera da maɗinka da marina da mahauta da masassaƙa, ya zaunar da su a kowane gari, ya kuma gina ganuwa da kasuwa, ya gyara hanya. Duk waɗannan ayyuka ne masu cin dukiya, ba a yin su da baitulmali wofi. Gaskiya ne sarakuna da dagatai sukan ba baƙo gona da filin gida, su ɗaga masa ƙafa kan haraji har ya kafu, amma wannan ɗaga ƙafa ta ɗan lokaci ce, kuma tana zuwa ne a bayan abin da ya fi ta, watau garu da za a fake a cikinsa in mahara sun taso daga Maraɗi. Iyalin Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, Barebari ne asalinsu, suka zauna a Karo kusa da Zarewa. Labarinta cike yake da tsoron hari da satar mutane, cike kuma da zancen rinji. Wannan na biyun bai kamata a tsallake shi ba: kaso mai yawa na audugar da babar da suka ciyar da marina gumin bayi ne, saboda haka arahar kayan ba duka ce ta hikimar mulki ba.

Da Turawa suka ci Kano a 1903 sai ma'anar rangwame ta juya. Tun a 1900, da gwamnatin Ingila ta karɓe mulki daga hannun Royal Niger Company, ta biya kamfanin fam 865,000, ta kuma yi masa alkawarin rabin kuɗin ma'adinai na wani babban yanki na Arewa har shekara 99. Talaka kuwa aka haɗe masa harajinsa wuri guda, aka ce ya biya da sule. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Turawa sun so auduga ta tafi masaƙun Lankasha, amma masaƙan gida suka daɗe suna sayenta da tsadar da ta fi ta Bature, manoma da yawa kuma suka koma gyaɗa. A hankali yadin kanti ya cika kasuwa, marinar ƙauye ta yi ta mutuwa rijiya bayan rijiya.

Rangwame irin na zamani ya fara ne da dokar taimakon sababbin masana'antu ta 1952. Aka sake ta a 1958, aka kuma maye gurbinta da Doka ta 22 ta 1971, wadda ta ba kamfanin da aka amince da shi hutun harajin riba na shekara 3, ana iya ƙara masa har su cika 5. A gefe guda kuma akwai sassaucin kuɗin kwastan a kan injuna da ɗanyen kaya. Ba za a ce dokokin nan ba su haifar da kome ba. Masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, Bompai ta cika da masana'antu, Sharaɗa da Calawa suka biyo baya, dubban mutane suka sami albashi. Sai dai a duba inda suka zauna. Dokar ɗaya ce a Bompai da Rogo, hutun da za a ba mai masana'anta a can shi za a ba shi a nan, amma dukansu suka taru inda layin dogo da lantarki da famfo da banki suke. Ashe ba hutun ne ya zaɓa musu wuri ba.

Akwai kuma wata illa wadda ma'aikatan kuɗi suka fi kowa saninta. Hutun harajin riba ba ya amfanar kowa sai mai riba. Sabuwar masana'anta a wuri mai wuya takan yi shekarunta na farko tana hasara, ba ta da abin da za a yafe mata; wanda ke cin moriyar shi ne wanda ribarsa ta tabbata tun ranar farko, wanda da ma zai zo ko an yafe ko ba a yafe ba. A shekarun farko ma abin ya fi haka ban takaici, domin ribar da Nijeriya ta ƙyale in ta isa Ingila can ake karɓe harajinta, watau baitulmalin Ikko ya yi wa na Landan kyauta. Da tsarin gyaran tattalin arziki ya zo a 1986, darajar naira ta faɗi, lantarki ya taɓarɓare, daga baya yadin waje ya malalo, masana'antun Kano suka yi ta rufewa, ba wadda takardar rangwame ta cece ta.

Gwamnati ta gane cewa karkara ba ta samun kome, sai ta sa wani sassauci a dokar harajin kamfanoni domin wanda ya kafa sana'a a wurin da ke nesa da kayan more rayuwa da kilomita 20 ko fiye. In ba kome a wurin, a cire masa dukan abin da ya kashe wajen samar da su daga ribar da za a yi wa haraji, in lantarki ne babu, kashi 50 cikin 100, ruwa, 30, kwalta, 15. Wannan sashe ikirari ne a rubuce cewa hanya da wuta da ruwa su ne matsalar, gwamnati kuma tana roƙon ɗan kasuwa ya yi mata aikinta. Bai cika Rogo da masana'antu ba har aka soke shi a 2023.

Abin da ya taɓa rayuwar mutanen yankin da gaske abu biyu ne, ba kuwa ɗayansu da aka yi domin kamfani. Na farko, soke haraji da jangali da Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya yi a 1979, wanda ya sauke kaya daga kan manomin rake da mai dafa mazarƙwaila a fadamun Rogo, mutanen da suka kafa sana'arsu da doki da injin matsa ba tare da takardar kowa ba. Na biyu, madatsar ruwa ta Calawa da aka gama a ƙasar Ƙaraye a 1992, da kuɗin jama'a. Ta ci gonaki, ta ta da ƙauyuka, ta kuma kawo su da noman rani. Amma ruwan da aka tare a Ƙaraye gangarawa yake yi zuwa birni, inda unguwar masana'antun da ta ci sunan kogin take, kusa da Fanshekara.

Dokar haraji ta 2025, wadda ta fara aiki a farkon 2026, ta ajiye tsohon hutun nan, ta kawo wani tsari: a rage wa kamfani kashi 5 cikin 100 na abin da ya kashe a kan gini da injuna, kowace shekara har shekara 5. Wannan ya fi na da ma'ana, tun da yake an ɗaura rangwamen a kan abin da aka gina, ana iya zuwa a gani, ana iya ƙidaya abin da baitulmali ya rasa. Amma jarin da dokar ta gindaya kafin a shiga tsarin ya fi ƙarfin duk wani mai matsar rake ko mai casar shinkafa na Ƙaraye da Rogo. Su harajin riba bai taɓa zama damuwarsu ba. Abin da ke cin ribarsu shi ne kuɗin man janareta, da lalacewar mota a kan hanya, da rasit iri iri da ake yanka wa lodin rake a shingaye kafin ya isa Kano, waɗanda direba ba ya sanin adadinsu sai ya sauke kaya.