Tsofaffin duwatsun wuya na gado a Afirka ta Yamma

Duwatsun wuya na gado su ne waɗanda ake gada daga kaka zuwa uwa zuwa 'ya, ko waɗanda ke cikin kayan sarauta. A Afirka ta Yamma akasarinsu na gilashi ne, sai na tsakiya, wato jan dutsen aƙiƙ da danginsa, sai murjani. Zaren da aka shirya su a kai ba ya daɗewa. Yakan tsinke a sake shiri, a ƙara sabon dutse, a cire wanda ya fashe, a raba sauran tsakanin magada. Saboda haka da wuya a sami abin wuya guda da duwatsunsa duka sa'o'in juna ne, kuma masana kan duba kowane dutse shi kaɗai.

Shaidar da ta fi tsufa daga haƙar ƙasa ta fito. A Igbo-Ukwu, kudu maso gabashin Nijeriya, Thurstan Shaw ya tono duwatsu kimanin 165,000 na gilashi da tsakiya a haƙar da ya fara a 1959, kuma an ƙiyasta wurin da ƙarni na 9 zuwa na 10. An daɗe ana ɗauka cewa duk gilashin da aka gani a yankin baƙo ne. Binciken Abidemi Babalola a Igbo Olokun da ke Ile-Ife ya rushe wannan zato, domin ya sami duwatsu kusan 13,000 tare da tukwanen narka gilashi, na tsakanin ƙarni na 11 da na 15, kuma haɗin gilashin na gida ne. A ƙasar Hausa, kaburburan Durɓi ta Kusheyi da ke ƙasar Katsina, waɗanda aka tona a 1907 aka sake tonawa a 1992, sun fitar da tsakiya da duwatsun gilashi da wuri da kayan zinariya.

Tsakiya mafi shahara ta Khambhat ce, a jihar Gujarat ta Indiya, inda ake gasa dutsen har ya yi ja sannan a huda shi. A da takan bi ta Jidda da Alƙahira, alhazai da fatake su ƙaraso da ita. A ƙarni na 19 garin Idar-Oberstein na Jamus ya shiga kasuwar da dutsen Brazil, yana kwaikwayon siffofin Indiya. Akwai kuma lantana, jan dutse wanda a da fataken Hausawa ke kawowa daga wajen Kirtachi, a Jamhuriyar Nijar ta yau, zuwa Ilori, inda masu sana'ar ke huda shi da tsinken ƙarfe, suna ƙwanƙwasawa a hankali.

Duwatsun Hebron sun fi kowanne nuna yadda sunan kasuwa ke ɓatar da sawun asali. A Hebron ta Falasɗinu, wadda Larabawa ke kira Al-Khalil, ake yin su a da: manya ne, masu kaushi, yawanci rawaya ko kore. Ayarin Hanyar Kwana Arba'in ne ke kai su Darfur daga Masar, kuma W. G. Browne, wanda ya zauna a Darfur a shekarun 1790, ya ambace su cikin kayan ciniki. Zuwa shekarun 1930 yayinsu ya wuce a Sudan. A. J. Arkell ya rubuta cewa 'yan kasuwar Hausawa na saye su da arha a hannun mata suna kai su yamma. Akan goge bakunansu don su zauna daidai a zare, kuma har yau dillalan Turai da Amurka na kiran su duwatsun Kano, alhali ba a Kano aka narka su ba.

Kayan Turai sun biyo ta teku. Turawan Fotugal sun kawo murjanin Bahar Rum masarautar Benin tun ƙarshen ƙarni na 15. A daidai lokacin ne maƙeran gilashi na Venis suka fara yin dutsen nan mai hawa-hawa, shuɗi da fari da ja, wanda bakinsa ke da siffar tauraro. Amma mafi yawan abin da ke hannun mutane a yau na ƙarni na 19 ne da farkon na 20, daga Venis da Bohemiya da Briare ta Faransa.

Tantancewa daga rami take farawa. Tsohon dutse da aka huda da hannu, ta ɓangarori biyu ake hudo shi, kuma sau da yawa ramukan ba sa haɗuwa daidai a tsakiya. Hudar inji kuwa miƙe take sambal. Zare na cin bakin rami a hankali har ya yi sulɓi, duwatsun da suka daɗe tare kuma sukan cinye gefen juna. Na farkon masu tauraro hawa bakwai gare su, da bakuna da aka goge kusurwa-kusurwa. Na baya yawanci huɗu ne ko shida. Layin haɗi a jikin dutse alama ce ta zubi, kuma irin waɗanda aka matsa da inji ba su girmi 1840 ba, shekarar da Richard Prosser ya yi rajistar dabarar a Ingila. Murjani na gaske yana da siraran zane a jikinsa, gilashin da aka rina ja kuma yakan nuna 'yan kumfa a ciki.

Masu jabu sun san duk waɗannan. Ana yin sababbi a Indiya da Jawa da Sin, a jujjuya su cikin yashi ko a tsoma su a ruwan asid, a cusa ƙasa a ramin. Abin da ke tona su shi ne lalacewar takan zama iri ɗaya ko'ina a jikin dutsen, yayin da ta shekaru ke tsayawa inda zare da fata suka taɓa.

Hukunci mafi ƙarfi na ɗakin gwaji ne. Da hasken leza ake ƙona ɗigon da ido ba ya gani a auna sinadaran gilashin. Gilashin Rumawa da kanwar Masar ake haɗa shi. Wajen ƙarni na 9 ƙasashen Musulmi suka koma tokar tsirrai. Na Ife kuma yawan alli da sinadarin alumina ke bambanta shi. Wannan awo yana faɗin inda aka narka gilashi da kusan zamaninsa, ba ya faɗin wanda ya rataya shi. Gwajin kabon kuwa ba ya aiki a kan gilashi ko dutse, sai a kan gawayi ko ƙashin da aka samu tare da su. Shi ya sa dutsen da 'yan haƙar ɓoye suka tono, kamar yadda aka yi ta yi a kewayen Jenne ta Mali, ke rasa shekarunsa da zarar ya bar ramin. A Nijeriya, dokar 1979 da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa ta hana haƙa ko fitar da irin waɗannan kayan waje ba tare da izininta ba.