Gwajin Manhajoji Masu Tsarin Hidimomi

Gwajin manhajoji masu tsarin hidimomi bincike ne da ake yi wa manhajar da aka haɗa ta daga hidimomi masu cin gashin kansu, waɗanda ke aika wa juna saƙo ta intanet. Wannan salon gini, wanda aka fi sani da SOA, ya bazu a farkon shekarun 2000 tare da ƙa'idojin SOAP da WSDL.

Misalinsa na kusa yana Samaru. Ɗalibin Jami'ar Ahmadu Bello da ke can, idan zai biya kuɗin makaranta, yakan ciro lambar biyan kuɗi ta RRR daga Remita, ya biya a banki, sannan shafin jami'a ya tabbatar da biyan. Hidimomi uku ke nan, kowace da mai ita. Haka hukumomin tarayya suka riƙa karɓar kuɗi bayan an tilasta asusun bai-ɗaya na TSA a 2015.

Wahalar aikin ita ce mai gwaji ba ya ganin cikin hidimar wani. Shi ya sa yakan fara gwada kowace ita kaɗai, ya kafa hidimar kwaikwayo a madadin banki da manhajar SoapUI ko Postman, kafin ya haɗa su. Gwajin da bai kamata a tsallake ba shi ne na ranar tangarɗa: layi ya yanke bayan an cire kuɗi, ko saƙo ɗaya ya iso sau biyu. Dole manhajar ta gane biya ɗaya ne, don kuɗin talaka ne a ciki. Ana kuma gwajin cunkoso saboda makon rajista.